Minti Goman Alhaji Sale

Ku da kuka shigo aikin nan bana kuna yawan tambayata me ya sa ba na yarda da koren allo. To, akwai wata Laraba da har gobe ba ta fita daga raina ba. A ranar na gano cewa uban da ya fi kowa ƙoƙari a shirinmu bai taɓa yin aikin gida ko sau ɗaya ba, kuma bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Bari in fara da yadda aikin yake a lokacin, don yanzu an sauya abubuwa. Ofishinmu yana Ikeja. Shirin na mako takwas ne, na iyayen da aka fara ganin alamun damuwa ko fargaba a jikin 'ya'yansu matasa: yaro ya rage cin abinci, ya daina fita, ko ya riƙa kuka ba a san dalili ba. Duk Litinin darasi kan shiga wayar uba ko uwa, da murya, saboda ba kowa ke karatu ba. Kowane darasi da aikin gidansa. Ranar da aka yi sai a danna kore, ranar da ba a yi ba a danna ja, mu kuma muna gani a allon ofis. Shi ma yaron duk mako biyu yana amsa wasu 'yan tambayoyi a keɓe, iyayensa ba sa gani. A sama akwai shugabar shiri, Madam Bose. Ƙasa da ita masu ba da shawara, waɗanda suka karanci halayyar ɗan Adam. Can ƙasa kuma mu ne jami'an unguwa. Ni aka damƙa wa Hausawan Agege domin ni kaɗai ke jin Hausa a ofis ɗin, har muryar da ke cikin darussan ma tawa ce.

Alhaji Sale dillalin shanu ne a kara, kusa da mayanka. Ya haura shekara ashirin a Legas, amma in ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya sauka daga tirela. Makarantar 'yarsa ce ta turo mana shi. Yarinya ce 'yar shekara sha biyar, da malamai ke fama da ita saboda surutu, sai ta koma ba ta cewa uffan, daga baya ta daina zuwa makarantar gaba ɗaya.

Ranar rajista na ce masa, "Alhaji, sunan yarinyar?"

Ya ɗaga kai ya dubi fanka. Ya ce, "Yana jikin takardar makaranta."

Na ce, "Na gani, amma ƙa'ida ce uba ya faɗa da bakinsa."

Ya ce, "Malama, ita ce ta fari."

Nan na yi dariya na kwafi sunan daga takarda, Zainab. Ga waɗanda ba su taso a cikinmu ba, a gidaje da yawa uwa da uba suna kunyar ɗan fari. Ba sa kiran sunansa, ba sa zama hira da shi, ba sa nuna wa mutane suna sonsa. Na san wannan sarai. Abin da ban yi ba shi ne haɗa shi da darasi na uku, wanda ni da bakina na karanta: ka zauna da ɗanka minti goma kullum, ka kira sunansa, ka faɗa masa abu ɗaya da kake so game da shi, ka tambaye shi yadda yake ji, sannan ka yi shiru ka saurara. Wannan sakacin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Da muka shiga mako na uku sai allo ya yi ja zir. Wani ya ce aiki ya yi masa yawa, wata ta ce ɗanta ya tashi ya bar mata wurin. Layin Alhaji Sale ne kaɗai kore shar, kullum, kuma a lokaci ɗaya, jim kaɗan bayan la'asar. Madam Bose ta sa masa suna zakaran shiri. Duk taron safe sai ta nuna layinsa ta ce in je in koya wa sauran mutanena abin da wannan bawan Allah ya gane. Ni kuwa ina ta hura hanci, kamar ni na haife shi. Har an fara maganar a gayyato shi ofis ya yi wa wasu baƙi bayani.

A mako na shida mai ba da shawarar da ke riƙe da fayil ɗin Zainab ta kira mu ni da Madam ta rufe ƙofa. Ta nuna mana amsoshin yarinyar. Duk yadda uban ke ƙara kore, ita ƙara nutsewa take yi. Akwai tambayar da ke cewa, a gidanku akwai wanda yake son ki? A farko ta amsa da ban sani ba. Wannan karon ta amsa da babu. Madam ta cire tabarau ta ce, "Hadiza, go see that house today." Ta ƙara da cewa kada in sanar da su ina zuwa.

Na hau danfo, motar hayar Legas, na sauka bakin layin dogo, na ƙarasa da ƙafa. Gidan haya ne irin namu na Agege, doguwar baranda a tsakiya, ɗaki na kallon ɗaki. Alhaji yana da babban ɗaki guda da aka raba biyu da katako, gefe nasa, gefe na yara. Na isa ana idar da la'asar.

A barandar na tarar da kujerun roba biyu suna fuskantar juna. A ɗaya akwai yarinya siririya cikin hijabi, idonta a ƙasa. A ɗayar kuma wani ƙaton mutum ne da ban taɓa gani ba, sanda a kan cinya, goro a kumatu, ya ajiye waya a gwiwa tana ƙirga lokaci. Yaran maƙwabta sun jeru a bakin ƙofofinsu suna kallo. Na tsaya daga nesa ban yi sallama ba.

Mutumin ya gyara murya ya ce, "Zainabu. To, suna dai an kira. Mahaifinki ya ce a gaya miki na yau. Ya ce ke ba ki da tunkuyi, ba ki da harbi, kuma tun da aka same ki ba ki taɓa tsallake shinge ba. Yanzu yaya kike ji?"

Yarinyar ba ta ɗago ba. Shi kuma ya harɗe hannu ya ci gaba da taunar goronsa, yana gyaɗa kai irin na mai sauraro. Haka suka zauna har wayar ta yi ƙara. Sai ya juya wajen ɗaki ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, an kammala." Daga bayan katako na ji muryar da na sani ta ce, "Madalla." Na duba wayata, sai ga layin Alhaji Sale ya yi kore.

Na ƙarasa na yi sallama, na tambayi mutumin ko shi wane ne. Ya ce sunansa Malam Tanko, abokin dillancin Alhaji, kuma shi ne wakilin uba. Da ya ji muryata sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Au, ke ce ta cikin waya? Ai kullum muna tare da ke a kara."

Ba sai na matsa masa ba, da alfahari ya zayyana mini tsarin. Duk Litinin in darasi ya shigo, Alhaji kan kunna shi a rumfar dillalai, a saurara sau biyu, a tattauna, a tsayar da abin da za a yaba wa yarinya a kowace rana ta makon. Tanko ne ke isarwa. Da ya yi tafiya arewa ɗauko kaya, mai shayin bakin layi, wani mutumin Maraɗi, ya riƙe masa kwana biyu. Daga nan wanzami ya karɓa. Shi wanzami da ya manta abin da aka ba shi, sai ya yabi siffar ƙeyarta, wadda bai taɓa gani ba tunda kullum tana cikin hijabi. Na tambaye shi darasi na biyar fa, wanda ya ce a ɗan yi tattaki tare da yaro. Ya ce an yi. Ya raka ta har layin dogo suka dawo, tana gaba yana biye da sanda, don shi haka ya saba raka abu.

Wallahi ban san lokacin da dariya ta kusa kufce mini ba. Da na dubi yarinyar sai dariyar ta koma ciki.

Na roƙi Tanko ya ba mu wuri, na ja Zainab ɗakin yara. Mahaifiyarta tana gefen risho tana tuƙa tuwo, ta gaishe ni da fara'a, amma ita ma da za ta yi maganar 'yar sai ta ce waccan. Na zauna a bakin katifa na daɗe ina jan yarinyar da hira, ba ta ce komai ba sai, "Anti, abeg ki bar ni." Na ce ba zan bari ba, yau nan zan ci tuwo. Can sai ta fara magana a hankali, tana jan zaren hijabinta.

Ta ce, "Ƙannena duk yana kiran sunansu. Yana ɗaukar su a babur. Ni sunana ke. Baban Kemi na ɗakin can, kafin ta fita makaranta ya kira ta sau goma. Da ina cewa ko Babana bai iya ba ne. Yanzu an koya masa a waya, step by step, sai ya turo mini wanzami." Ta share hanci ta ce, "Aron mutane yake yi don kada ya zauna da ni. Duk layin nan sun sani. Anti, ki tambaye shi ko ya ma san sunana."

Na ce ta yarda in faɗa masa abin da ta gaya mini da abin da ta amsa a tambayoyinmu? Domin a aikinmu ba a kai maganar yaro wajen iyaye sai da izininsa, in ba ransa ne ke cikin haɗari ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce in faɗa, ai wani zai turo ya saurara.

Ni ma 'yar fari ce. Har mahaifina ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa zaton ba ya sona ba. Amma ni tun daga yaye aka kai ni wajen kakata a Funtuwa, wadda ke kiran sunana sau ɗari a wuni, ta ɓoye mini ƙanzo, ta zagi duk wanda ya harare ni, kuma ita ta riƙa gaya mini irin son da ubana ke yi mini. Zainab a wannan ɗakin ta taso. Kakarta tana can arewa, sau biyu suka taɓa haɗuwa. Al'adar ta biyo Alhaji Legas da rabinta, an baro ɗaya rabin a gida, kuma babu wanda ya taɓa zama ya yi wa yarinyar bayani.

Na zagaya gefen Alhaji raina a ɓace. Yana zaune a kan buzu, Tanko na gefensa. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba na ce, "Alhaji, kai muka sa aiki ko kara muka sa?"

Bai ji haushi ba, mamaki ma ya yi. Ya ce, "Malama, aure wakili ake naɗa masa. Babban ciniki wakili ake naɗa masa. Abin da ya fi nauyi shi ake nema wa bakin da ya iya magana. Da ƙaramin abu ne ai da kaina zan yi. Tanko shekara ashirin yana magana a madadina, ban taɓa yin da-na-sani ba."

Na ce, "To 'yarka ba saniya ba ce. Ta ce a gidan nan babu mai son ta. Ta ce in tambaye ka ko ka san sunanta."

Tanko ya daina tauna. Alhaji ya cire hula ya riƙe a hannu yana juya ta. Da ya buɗe baki muryarsa ta sauya. Ya ce ranar da aka haife ta ya fita daga asibiti don kada a ga fuskarsa, bai farga ba sai ganin kansa ya yi a Iyana Ipaja, can wata unguwa mai nisa, a ƙafa, da takalmi wari ɗaya. Ya ce sunan ma shi ya zaɓa, ba wanda ya taya shi. Ya ce, "Amma in dube ta ido da ido in faɗa, Malama, gara a tuɓe ni a tsakiyar kara. Bakin ne ba ya buɗuwa. Na gwada."

Na fita baranda na kira Madam Bose na ba ta labari. Sai ta ce, "So who be the father for our record?" Na ce har yanzu Alhaji ne. Ta ce bisa ƙa'ida sai an goge koren duka an sake daga mako na uku, kuma kada in baro gidan sai uban ya yi minti gomansa da kansa. Na ce mata to, a raina ina cewa sai ki zo ki buɗe masa bakin.

Tanko ne ya fitar da mu, shi ya sa har yau ba na yarda a zage shi a gabana. Ya ce, "Malama, shirin nan naku ba na waya ba ne? Ai Alhaji a waya ba shi da kunya. Ki ji shi yana ciniki da mahauta, har Yarbanci yake yi. Ya kira ta mana."

Na so in ce wannan shirme ne, mutum da 'yarsa katako kawai ya raba su. Sai na tuna shirmen da na tarar ya fi wannan. Aka karɓo wayar mahaifiyar aka ba Zainab. Ta zauna a katifa ta jingina da katakon, ni ina gefenta. Alhaji yana ɗaya gefen, ina jin numfashinsa. Wayar ta yi ƙara, ta ɗauka.

Ya ce, "Salamu alaikum. Da wa nake magana?"

Muryar sau biyu take zuwa, ta katako tukuna, sannan ta waya. Zainab ta dube ni. Na yi mata alama ta amsa. Ta ce, "Ni ce."

Ya ce, "To madalla. Yaya gida? Yaya mutanen gidan? An yi ruwa a wajenku?"

Ta sa hijabi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Wannan ne karo na farko da na ga dariyarta. Ta ce, "Ba a yi ba." Ya ce su ma ba a yi ba a wajensu. Ya tambayi lafiyar ƙannenta, waɗanda ɗaya daga cikinsu ke zaune a ƙofarsa. Yana cikin wannan kewaye-kewayen sai sabis ya ɗauke. Na ga fuskar wayar a kunnenta ta nuna kira ya ƙare. Na miƙa hannu zan karɓa in sake kira, ta riƙe gam.

Alhaji mutum ne da ke wuni da waya a kunne, ya san ƙarar yankewar layi fiye da ni. Bai sake kira ba. Sai muryarsa ta zo ta katako, sau ɗaya kawai.

Ya ce, "Zainabu."

Ta danna matacciyar wayar a kunnenta ta ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Kina jina sosai?"

Ta ce, "Ina ji."

Sai ya fara ba ta labarin takalmi wari ɗaya. Ni dai hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba. Da na ji ya ce mata, "To ke yaya kike ji?" kuma na ji ta ja numfashi za ta fara, sai na tashi na fita na janyo ƙofa. A baranda na tarar da Tanko ya ɗaga wayarsa yana jiran minti goma ta cika ya sanar. Na ƙwace na sa a jakata, na kore shi masallaci, na kori yaran maƙwabta. Har aka kira magariba ba su gama ba.

Kada ku ɗauka a ranar ta warke. Mai ba da shawara ta riƙa ganin ta a bidiyo duk mako, aka kuma tura ta wajen likita, sai a zango na gaba ta koma makaranta. Layin Alhaji ya daina zama kore shar. Wata rana kore, wata rana ja, in kasuwa ta riƙe shi ko kunya ta kayar da shi. Ranar da na ga jansa na farko na yi murna har Madam ta tambaye ni ko lafiya. Maganar gayyato shi gaban baƙi kuwa ta mutu da kanta.

Tambayoyi biyun nan da kuke gani a takardar rajista, wadda ke cewa ko yaron ɗan fari ne, da wadda ke cewa wa zai zauna da shi, daga wannan gidan suka samo asali. Abin da na koya shi ne mutanenmu ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba, kuma ba raina aikinmu suke yi ba. Wani lokaci girmama aikin ne ma ke sa su yi shi ta hanyar da ba mu taɓa tunani ba. Allo yana nuna cewa an danna, ba ya nuna wanda ya zauna a kujera. In kun ga kore ya yi yawa, ku hau danfo ku je gidan.

Kwanakin baya na haɗu da Zainab a bakin layin dogo, ta yi ƙiba, tana ta zuba da ƙawayenta da Yarbanci. Na ja ta gefe na tambaye ta ko har yanzu Baba yana kira. Ta ce yana kira, bayan la'asar, daga gefensa. Na ce da wayar Mama dai?

Ta ce, "Anti, ai wannan wayar ta lalace tun bara. Ina dai ɗauka."